Koko, Cadbury da Bayin Sao Tome

A shekarar 1901 wata takardar cinikin gona ta iso ofishin kamfanin Cadbury da ke Bournville, a gefen birnin Birmingham na ƙasar Ingila. Gandun koko ne aka sa a kasuwa a tsibirin Sao Tome, kuma kamar yadda aka saba, mai sayarwa ya jera kadarorin da ke ciki, kowace da kuɗinta: gine-gine, injuna, dabbobi. A cikin jerin akwai layi guda da ya ce ma'aikata baƙar fata 200, kuɗinsu fam 3,555.

Wanda ke kula da sayen koko a kamfanin a lokacin shi ne William Cadbury, jikan wanda ya kafa gidan. Dama ya taɓa jin raɗe-raɗin haka a tsibirin Trinidad, inda kamfanin ke da 'yan gonaki, amma yanzu ga shi a rubuce. Kusan rabin kokon da injunan Bournville ke niƙawa daga Sao Tome yake zuwa. Kamfanin bai sayi gonar ba, sai dai kuma bai daina sayen kokon tsibirin ba har watan Maris na 1909. Waɗannan shekaru takwas su ne aka fi yin gardama a kansu a duk tarihin cinikin cakulan, kuma duk mai son fahimtar abin da manyan kamfanonin duniya ke nufi idan sun ce suna sauke haƙƙin al'umma, zai amfana da duba su.

Abin da ya sa labarin ke da ciwo shi ne, gidan Cadbury ba gidan azzalumai ba ne. John Cadbury ya buɗe shagonsa a titin Bull Street na Birmingham a 1824, yana sayar da shayi da kofi da kokon sha. Ɗan ɗariƙar Quaker ne, wani reshe na Kirista da ya yi suna wajen ƙin yaƙi, ƙin giya da ƙin cinikin bayi, kuma ya ɗauki koko a matsayin abin da zai janye talaka daga mashaya. 'Ya'yansa Richard da George suka karɓi harkar a 1861 tana tangal-tangal, suka farfaɗo da ita, sannan a 1879 suka kwashe masana'antar daga hayaƙi da cunkoson birni suka kai ta fili, wurin da suka raɗa wa suna Bournville. Daga wannan suna ne Bournvita ta samo nata, wadda ba a rasa gwangwaninta a teburin mai shayi a Kano ko Kaduna.

A Bournville, George Cadbury ya gina unguwa sukutum. Kowane gida da lambunsa da itatuwan marmari, ga filayen wasa, ga makaranta, ga likita a masana'anta, kuma babu mashayar giya ko ɗaya. A 1900 ya miƙa unguwar ga wata gidauniya ta amana don kada magada su sayar, a 1906 kuma aka kafa asusun fansho na ma'aikata maza. A zamanin da leburan Ingila ke kwana su shida a ɗaki ɗaya, wannan abin a yaba ne, kuma mutane sun riƙa zuwa daga ƙasashe don su gani da idonsu. George ya kuma mallaki jaridar Daily News ta Landan, wadda ta yi ta caccakar gwamnati kan 'yan ƙwadagon Sin da aka kai ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, tana cewa bauta ce aka sauya wa riga.

To, ina Sao Tome take? Tsibiri ne a tekun Atilantika, kudu da gaɓar Najeriya, tare da ƙaramin ɗan'uwansa Principe, duka a hannun Turawan Fotugal. Ƙasar baƙa ce mai ni'ima, ruwan sama ba ya yankewa, koko yana son ta. A farkon ƙarni na 20 waɗannan 'yan tsibirai suna sahun gaba a duniya wajen fitar da koko. Abin da suka rasa shi ne hannayen da za su yi aikin. A takarda, Fotugal ta soke bauta a ƙasashen da take mulka tun shekarun 1870, don haka aka fito da tsarin kwantiragi na shekara biyar. Ana kamo mutane ko a sayo su daga can cikin Angola, har zuwa iyakar Kwango, a koro su a ƙasa tafiyar makonni zuwa gaɓar Benguela. A nan za a tsayar da su a gaban jami'in gwamnati a tambaye su, cikin harshen da yawancinsu ba sa ji, ko sun yarda su tafi aiki. Sai a rubuta cewa sun yarda. Kimanin mutum 4,000 ake lodawa a jirgi kowace shekara, kuma har zuwa 1908 ba a san wanda aka mayar gida ba bayan cikar wa'adinsa. In shekara biyar ta ƙare sai a sabunta takardar. 'Ya'yan da aka haifa a gandun, a gandun suke tashi, su ma su ɗauki adda.

Wanda ya fara kai wannan labari ga jama'a ba kamfani ba ne, ɗan jarida ne. Mujallar Harper's ta Amurka ta tura Henry Nevinson zuwa Angola a ƙarshen 1904. Ya bi hanyar bayin da ƙafarsa, ya ratsa wani daji da babu abinci a cikinsa, inda ayari ke sauri don kada guzuri ya ƙare. A kan itatuwan gefen hanya ya ga maruruwan katako a rataye: gungumen icce da aka huda, a zura hannun mutum ko ƙafarsa, a buga turke a tsakiya. Masu ayari kan cire su su rataye idan an kai inda bawa ba zai iya gudu ba, ko kuma idan mai sanye da su ya mutu. A ƙarƙashin itatuwan akwai ƙasusuwa. A tashar jirgi kuma ya ga an rataya wa kowane mutum ɗan faifan kwano mai lamba, da wani ɗan bututun kwano da aka naɗe takardar kwantiraginsa a ciki. A gandayen Sao Tome an shaida masa cewa fiye da mutum ɗaya cikin goma ke mutuwa a shekara, har a gonakin da ake yabo da kyakkyawan riƙo. Rahotanninsa suka fito a 1905, littafinsa kuma a 1906.

Shi kuwa William Cadbury bai zauna ba, gaskiya ce. A 1903 ya tafi Lisbon, babban birnin Fotugal, ya gana da masu gandaye da hukuma. Suka musanta, suka nuna masa wata sabuwar dokar ƙwadago da aka fitar a wannan shekarar, suka ce ya tura wanda ya amince da shi ya je ya gani. Neman mutumin ya ɗauki lokaci. Da aka samu Joseph Burtt, shi ma ɗan Quaker, sai da ya zauna ya koyi harshen Fotugal, sannan ya tashi a 1905. Cadbury da takwarorinsa Fry da Rowntree, da kamfanin Stollwerck na Jamus, su suka biya kuɗin tafiyar. Burtt ya yi kusan shekara biyu tsakanin tsibiran da Angola, ya dawo a 1907 da rahoton da ya tabbatar da abin da Nevinson ya faɗa: gidajen kwanan ma'aikata a wasu gandaye ba su da laifi, abinci ma akwai, amma mutanen nan an kawo su ne da ƙarfi kuma ba su da hanyar fita. Ya kira abin da sunansa, bauta.

A nan siyasa ta shigo. Ma'aikatar harkokin wajen Ingila, ƙarƙashin Sir Edward Grey, ta nemi a bi a hankali, a sassauta lafazin rahoton, kada a buga shi sai an ba Fotugal dama. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Fotugal tsohuwar ƙawar Ingila ce, kuma ramukan zinariya na Afirka ta Kudu sun dogara da dubban leburori daga Mozambik, wadda ita ma Fotugal ke mulka. Gwamnatin da ke cin moriyar wancan ƙwadago ba ta da bakin tsawata wa Lisbon kan wannan. William ya koma Lisbon a ƙarshen 1907, ya ajiye rahoton a gaban masu gandaye, aka sake yi masa alkawari. Sai a 1908 jama'ar Ingila suka karanta abin da Burtt ya rubuta.

Hujjar kamfanin a duk tsawon wannan lokaci guda ce: muddin muna saye, muna da ta cewa, ranar da muka janye, wasu za su kwashe kokon kuma babu mai sauraronmu. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, domin bayan janyewar tasu kokon Sao Tome ya samu masu saye a wasu kasuwanni. Amma akwai wani abu da ya faru a gefe wanda ba a iya kawar da kai daga gare shi. A 1908 Cadbury ya tura masu saye zuwa Gwalkwas, ƙasar da ake kira Ghana a yau, inda noman koko ke bunƙasa. Sai da wannan sabuwar hanya ta buɗe, sai kuma da William ya je Sao Tome da Angola da kansa a ƙarshen wannan shekarar, sannan a Maris 1909 Cadbury da Fry da Rowntree suka sanar da ƙaurace wa kokon tsibiran. Mai rubutun nan bai yarda cewa lissafin riba kaɗai ya riƙe William ba, wasiƙunsa da tafiye-tafiyensa sun nuna abin ya dame shi. Amma ba a iya musun cewa haƙurinsa ya ƙare ne daidai lokacin da ƙarewarsa ba za ta tsayar da injin Bournville ba, kuma a kowace shekara ta wannan haƙuri jirage sun ci gaba da tasowa daga Benguela.

Abokan hamayya ba su bari ta wuce ba. A ranar 26 ga Satumba 1908, jaridar Standard ta Landan, mai goyon bayan 'yan mazan jiya, ta buga sharhi mai zafi: ga mutanen da ke gina wa ma'aikatansu lambuna, jaridarsu na kuka kan 'yan Sin a Afirka ta Kudu, alhali cakulan ɗinsu gumin bayi ne. Cadbury ya kai ƙarar ɓata suna. Aka zauna shari'a a Birmingham a ƙarshen 1909, manyan lauyoyin ƙasar biyu suka fuskanci juna, Rufus Isaacs yana tsaya wa kamfanin, Edward Carson yana kare jaridar. Har Sir Edward Grey sai da ya zo ya ba da shaida. Carson ya tsare William a akwatin shaida, ya bi da shi shekara bayan shekara, ya fito da cewa kamfanin ya sayi kokon sama da fam miliyan ɗaya daga tsibiran bayan ya san halin da ake ciki. Daga ƙarshe ya tambaye shi ko ya taɓa ƙiyasta yawan bayin da suka mutu wajen noma masa koko tsakanin 1901 da 1908. William ya ce bai taɓa ba.

Masu taya alƙali yanke hukunci suka ce an ɓata wa Cadbury suna, suka yanke masa diyyar rubu'in kwabo, mafi ƙanƙantar kuɗin da ake kashewa a Ingila a wancan zamani. Kowa ya gane saƙon.

A Sao Tome, bayan juyin da ya kawar da sarautar Fotugal a 1910 an ƙara yawan ma'aikatan da ake mayarwa gida, amma aikin dole bai gushe ba. A Fabrairun 1953 hukumar mulkin mallaka ta karkashe mutanen tsibirin da suka ƙi a tura su gandaye, abin da ake tunawa da shi da kisan Batepa. Sai a 1975 tsibiran suka samu 'yanci.

Gwalkwas kuwa wani labari ne daban, kuma mai daɗin ji a farkonsa. A nan babu gandun Bature. Wani maƙeri, Tetteh Quarshie, ya dawo da irin koko daga tsibirin Fernando Po a 1879 ya shuka a Mampong, manoman Akwapim suka karɓa, suka riƙa haɗa kuɗi suna sayen daji a ƙasar Akim suna sharewa. Zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai Gwalkwas fitar da koko a duniya. Baturiyar da ta fi kowa bin diddigin waɗannan manoma, Polly Hill, ita ce daga baya ta zo ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin manoman Hausa. Aikin koko aikin hannu ne daga farko har ƙarshe: a tsinko kwanson da wuƙa mai doguwar ƙota, a fasa da adda, a yaso 'ya'yan da farin ruwansu mai yauƙi, a tara a rufe da ganyen ayaba kusan mako guda su tsima, sannan a shanya a kan tabarmin gora ana juyawa har su bushe. Hannayen da suka yi wannan aiki da yawa daga arewa suka gangaro, daga ƙasar Mosi, daga Zabarma, daga Gwanja, har da Hausawa da dama sun san hanyar tun zamanin fataucin goro, suka cika zangunan Kumasi da garuruwan daji, wasu leburori, wasu 'yan dako, wasu dillalai. Mai kula da gona kan ɗauki kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Da yawa daga cikin zuriyarsu ne dokar korar baƙi ta gwamnatin Ghana ƙarƙashin Busia ta tasa ƙeyarsu a 1969.

Da matsalar sarƙa ta kau, sai ta farashi ta taso. A 1937 manyan kamfanonin Turawa da ke sayen koko a Gwalkwas, ciki har da UAC da Cadbury, suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu don daina gasar farashi, daidai lokacin da kasuwar duniya ta faɗi. Manoma da sarakunansu suka ce ba za su sayar ba, kuma ba za su sayi kayan kantunan Turawa ba. Suka riƙe kokonsu wajen wata biyar, daga ƙarshen 1937 zuwa Afrilun 1938, har Landan ta turo kwamitin bincike na Nowell, wanda ya ba da shawarar a janye yarjejeniyar. Kamfanin da ya bar Sao Tome saboda lamiri, ga shi cikin waɗanda manoma 'yantattu suka yi wa tawaye saboda sun ga ana danne musu gumi.

Daga nan zuwa ƙarshen ƙarni, maganar haƙƙin al'umma a kan kamfanoni ta zama fanni mai zaman kansa. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a 1970 cewa aikin kamfani shi ne ya ƙara riba cikin iyakar doka, wasu suka yi masa ca. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da yarjejeniyarta da kamfanoni a 2000, da ƙa'idojin kasuwanci da haƙƙin ɗan'adam a 2011. A yau da wuya a sami babban kamfanin da ba ya buga rahoton ɗorewa duk shekara.

Amma a gonar koko tarihin ya sake zagayowa. Kwaddibuwa ta sha gaban Ghana a ƙarshen shekarun 1970, kuma ƙasashen biyu yanzu su ke noma kusan kashi 60 cikin 100 na kokon duniya. A 2000 da 2001 gidajen talabijin da jaridu a Ingila da Amurka suka nuna yaran Mali da aka yi safararsu zuwa gonakin Kwaddibuwa. 'Yan majalisar Amurka biyu, Tom Harkin da Eliot Engel, suka tasar wa yin dokar da za ta sa a manna shaida a jikin cakulan. Kamfanoni suka roƙi a bar su su gyara da kansu, aka sa hannu a yarjejeniya a Satumban 2001 cewa za a kawar da mafi munin aikin yara zuwa 2005. Wa'adin ya zo ya wuce, aka ɗaga zuwa 2008, aka ɗaga zuwa 2010, sannan aka rage burin zuwa ragin kashi 70 cikin 100 kafin 2020. A 2020 ɗin cibiyar bincike ta NORC da ke Jami'ar Chicago ta fitar da ƙididdigar da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi: yara miliyan 1.56 ke aikin koko a ƙasashen biyu, mafi yawansu aiki mai haɗari, sara da adda, ɗaukar buhu mai nauyi, feshin maganin ƙwari. William Cadbury ya yi shekara takwas ya tsinci kansa yana amsa tambayoyi a gaban alƙali. Magadansa a wannan sana'a sun yi goma sha tara.

Wajibi ne a yi adalci a nan. Yawancin yaran nan ba bayi ba ne, a gonar iyayensu suke aiki, domin uban ba shi da kuɗin ɗaukar lebura. Wannan ne ma ya sa maganar ke komawa ga farashi. Abin da ke isa hannun manomi bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin da mai saye ke biya a kan cakulan ba. Shirye-shiryen kamfanoni, kamar Cocoa Life da Mondelez, mamallakin Cadbury, ya kafa a 2012 bayan Cadbury ya koma hannun Amurkawa a 2010, sun gina makarantu, sun raba irin shuka, sun koyar da manoma, kuma inda aka sa masu sa ido a ƙauyuka an ga aikin yara ya ragu. Sai dai rijiyar burtsatse da ajin makaranta kyauta ce da kamfani ke bayarwa in ya ga dama, farashi kuwa haƙƙi ne, kuma a nan ake jin tauri. Da Ghana da Kwaddibuwa suka haɗa kai a 2019 suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin manomi, kamfanoni sun yi na'am a bainar jama'a, amma a ƙarshen 2020 hukumomin koko na ƙasashen biyu suka fito fili suka zargi Hershey da Mars da neman hanyar kauce wa biya. Kamfanonin sun musanta. A Yunin 2021 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ƙarar da wasu 'yan Mali shida suka shigar kan Nestlé da Cargill, ba don ta gano ƙarya suke yi ba, sai don abin ya faru ne a wajen Amurka.

Dajin ma ya biya nasa kason. Koko yana son sabuwar ƙasar kurmi, kuma manomin da ba shi da kuɗin taki ya fi ganin sauƙin share sabon daji da ya farfaɗo da tsohuwar gona. Kwaddibuwa ta rasa mafi yawan kurminta daga 1960 zuwa yau, har cikin gandayen da gwamnati ta killace. Kamfanoni sun sake yin alkawari a 2017. Tarayyar Turai ta ga alkawari bai isa ba, a 2023 ta yi dokar hana shigo da kokon da aka noma a dajin da aka sare bayan ƙarshen 2020, tare da sharaɗin a nuna taswirar kowace gona, abin da ya shafi manoman Ondo da Kuros Riba a Najeriya su ma. An ɗage fara aiki da dokar bayan koken kamfanoni da gwamnatoci.

A Maris 2024, bayan cututtukan itace da rikicewar damina sun karya amfanin gona a Afirka ta Yamma, farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba. Manomin Kwaddibuwa ba ya sayarwa a New York. Gwamnatinsa ce ke yanka masa farashi, kuma ta riga ta sayar wa kamfanoni amfanin shekarar tun kafin a girbe, a tsohon farashi. A watan Afrilu aka ƙara masa daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a kan kilo, wato wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kokon ke yi a kasuwar duniya. A wannan kakar buhuna da yawa sun bi ta barauniyar hanya suka tsallaka Gini da Laberiya da Togo, a Ghana kuma wasu manoma sun sayar wa masu haƙar zinariya gonakinsu ɗungurungum, aka tumɓuke itatuwan aka shiga tono.